Tabo, Duhu da Farin Fata: Gane Dalili Kafin Kashe Kuɗi

Launin fatar ɗan Adam ya samo asali ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke kwance a gindin shimfiɗar fata ta sama suke sarrafawa, sannan su rarraba shi ga sauran ƙwayoyin da ke kewaye da su. Waɗannan ƙwayoyi, da likitoci ke kira melanosait, yawansu kusan ɗaya ne a jikin baƙar fata da farar fata. Abin da ya bambanta jinsunan mutane shi ne yawan melanin da ƙwayoyin ke fitarwa, da girman ƙunshin da suke zuba shi a ciki, da kuma yadda yake bazuwa a cikin fata. Aikinsa shi ne kare jiki daga wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet, mai ƙona fata da lalata ƙwayoyin halitta, kuma wannan kariya ce ta sa sankarar fata ta yi ƙaranci a tsakanin mutanen Afirka duk da tsananin ranar da suke rayuwa a cikinta.

Sai dai ƙwayoyin da ke yawan fitar da melanin suna da saurin harzuƙa, ta yadda duk abin da ya taɓa fata, ƙurji ne ko ƙuna ko susa, yakan sa su ƙara himma su zubo launi fiye da ƙima, a wasu lokutan kuma wata cuta ta kashe su ko ta dakushe aikinsu har wuri ya yi fari. Saboda haka canjin launin fata ba cuta guda ba ce da magani guda zai warkar, alama ce da abubuwa da dama ke haifarwa, wasunsu ba su da wata illa ban da damuwar da suke jawo wa mai su, wasu kuma gargaɗi ne na ciwon da ke cikin jiki. Mafi yawan dukiyar da ake asara a wannan fage, da mafi yawan fatar da ake lalatawa, sun tafi ne saboda an sayi magani tun kafin a san abin da ake yi wa magani.

Matsalar da ta fi kowace yawa a tsakanin masu baƙar fata ita ce tabon da ke biyo bayan kumburi. Ƙurajen fuska na ƙuruciya, da cizon sauron da aka soshe, da ƙyanda ko ƙarambau, da ƙunar wuta ko ta ruwan zafi, da ƙurajen da aski ke haifarwa a haɓa da ƙeyar maza, duk sukan warke su bar baƙin tabo a gurbinsu. Idan launin ya tsaya a shimfiɗar sama, wadda ke sabunta kanta kusan kowane mako huɗu, tabon yakan yi ruwan ƙasa kuma ya dushe da kansa cikin watanni shida zuwa shekara guda. Idan kuwa kumburin ya yi zurfi har melanin ya zuba a shimfiɗar ƙasa, tabon yakan yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, kuma yana iya ɗaukar shekaru, domin man shafawa ba ya kai wa wannan zurfi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne kashe tushen kumburin, domin wanda yake shafa maganin tabo alhali sababbin ƙuraje na fitowa, yana kuma matse su da farce, kullum tabo sabo zai maye gurbin tsoho.

Ta biyu ita ce melasma, wato duhun da ke fitowa faci-faci a kumatu da goshi da karan hanci da saman leɓe, galibi a ɓangarorin fuska biyu daidai wa daida. Ta fi kama mata, musamman a lokacin juna biyu ko lokacin shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, saboda sinadaran jikin mace suna zuga ƙwayoyin launi, ko da yake maza ma sukan same ta, kuma takan bi dangi. Rana ce babbar mai rura ta, kuma bincike ya nuna cewa a fata mai duhu ba hasken ultrabayolet kaɗai ke yin haka ba, har da hasken da ido ke gani, sannan zafi kansa yana iya ƙara ta, abin da ya shafi matan da ke wuni a gaban murhu ko kaskon tuya. Wadda ta zo da juna biyu takan ragu bayan haihuwa, amma gaskiyar da masu sayar da magani ba su cika faɗa ba ita ce melasma ana lallaɓa ta ne, ba a cika rabuwa da ita gaba ɗaya ba, kuma tana dawowa da zarar an yi sakaci da rana. Wannan gaskiya tana da nauyi ƙwarai idan aka zo maganar kuɗi.

Akwai kuma duhun da bai kamata a ɗauke shi a matsayin matsalar ado ba ko kaɗan. Baƙin da ke kewaye wuya da hammata da matsematsi, mai kauri da laushi kamar karammiski, wanda iyaye kan zaci dauɗa ce har su sa yaro ya dirje shi da soso, sunansa akantosis nigirikans, kuma yawanci yana nuna cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, matakin da kan gabaci ciwon suga. Maganinsa gwajin jini ne da rage ƙiba, sabulu ba ya fitar da shi. Duhun da ya game jiki har da dasashi da layukan tafin hannu, tare da kasala da rama da saukar jini, yana iya zama cutar da likitan Ingila Thomas Addison ya bayyana a 1855, wadda ke faruwa idan wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suka gaza. Wasu magunguna ma sukan rina fata idan an daɗe ana shan su, kamar kulorokwin da minosaikilin. Haka nan baƙin tabon da ya fito a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, yana girma, yana canza siffa ko yana zubar da jini, wajibi ne a kai shi asibiti da gaggawa, domin a nan ne muguwar sankarar da ake kira melanoma ta fi ɓuya a jikin baƙar fata. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan ta fara a ɗan yatsan ƙafarsa.

Idan fata ta yi fari

A ɗaya ɓangaren, farin tabo ya fi baƙi tayar da hankali a cikin al'umma, saboda tsoron kuturta da aka gada tun kaka da kakanni, alhali mafi yawansa ba shi da alaƙa da ita. Ƙyasbi, wanda ke fitowa a ƙirji da baya da wuya da ɗan gari-gari a samansa, wani nau'in naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, sai ya yi yawa a lokacin zafi da gumi. Ana kashe shi da sabulun wankin kai mai ɗauke da ketokonazol ko makamancinsa, amma launin ba ya komawa daidai sai bayan makonni ko watanni, abin da kan sa mutane su zaci maganin bai yi aiki ba. Alamar da ke bambanta tabon kuturta ita ce mutuwar ji, wato a taɓa wurin da auduga ko tsinke mai shi bai ji ba, kuma sau da yawa wurin ba ya gumi. Kuturta tana warkewa sarai da haɗin magungunan da ake sha na wata shida ko goma sha biyu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995, kuma a Arewacin Nijeriya akwai tsohuwar cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya. Ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, kulofazimin, yakan sa fata ta yi duhu na wani lokaci, kuma bai kamata hakan ya sa a yanke shan magani ba.

Bitiligo, wadda Hausawa da dama ke kira albaras, aba ce dabam: garkuwar jiki ce ke juyawa ta kashe ƙwayoyin launi, sai wuri ya yi fari fat kamar madara, galibi a kewayen baki da idanu da yatsu da gwiwoyi, ba tare da ciwo ko mutuwar ji ba. Tana kama tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi biyu cikin 100 na mutanen duniya, ba a ɗaukar ta ta hanyar musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya ko aure, kuma ba ta da alaƙa da sammu ko wani abinci da aka ci. Zaluncin da ake yi wa masu ita, na fasa aure da ƙyama a kasuwa da makaranta, ya fi cutar kanta ciwo, kuma ba shi da wata hujja a ilimin likitanci. Ranar 25 ga Yuni ce aka ware don wayar da kai a kanta, kuma wata 'yar Nijeriya mai fama da ita, Ogo Maduewesi, tana cikin waɗanda suka assasa ranar a 2011. Ana yi mata magani da man shafawa mai kwantar da garkuwar jiki, kamar takrolimus, ko da haskawa da wata fitila ta musamman sau biyu ko uku a mako na tsawon watanni, kuma a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon mai, ruksolitinib, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masu buƙata. Fuska ta fi saurin dawo da launi, yatsu da leɓe kuwa sukan yi taurin kai.

Zabiya kuwa da haka aka haife shi, domin ya gaji ƙwayar halittar zabiyanci daga uwa da uba baki ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da zabiya. Babu maganin da ke samar masa da melanin, kuma ba wannan ne buƙatarsa ba. Buƙatarsa ita ce malafa mai faɗi, da tufa mai dogon hannu, da tabarau, da man kariya daga rana, da duba fata a kai a kai, domin sankarar fata ce ke hallaka zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna matasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni domin su, kuma a wurinsu man kariya daga rana magani ne na ceton rai da bai kamata a lissafa shi cikin kayan kwalliya ba.

Bilicin da abin da ke cikin kwalba

Ba za a yi maganar launin fata a Afirka ta Yamma a tsallake bilicin ba, domin a yau yana cikin manyan masu haifar da cututtukan launin da likitocin fata ke gani. Adadin da aka fi ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sa fari, ya fito ne a wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, asalinsa kuma wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka bai dace a ɗauke shi a matsayin ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba. Amma duk wanda ya shiga layin kayan shafe-shafe a manyan kasuwanni, ko ya ga tallan masu haɗa mai a Instagram da TikTok, ya san abin ya yaɗu, ya kama maza, har ya kai ga iyaye mata suna shafa wa jarirai. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga masu shafawa ba da niyyar canza launi suka fara ba, tabon ƙuraje suka so gogewa, ko gyaran jiki na aure aka yi musu aka cakuɗa dilka da kurkum na gargajiya da wani haɗi da ba a faɗi abin da ke cikinsa ba, sai suka ga haske cikin kwanaki kaɗan, daga nan tsayawa ta gagara.

Abubuwa uku ne galibi ke cikin irin wannan haɗi. Na farko haidrokwinon, wanda ke toshe sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen ƙera melanin. Magani ne na gaske a hannun likita idan aka shafa shi a kan tabo kaɗai na 'yan watanni, amma idan aka daɗe ana mulka shi a jiki duka yakan haifar da okoronosis, wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan ƙuraje a kumatu da gefen ido, wanda likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana a 1975, kuma yana cikin tabon da suka fi wuyar magani. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka ta hana sayar da shi ba da takardar likita ba a 2020, a Nijeriya kuma ƙa'ida ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa ba. Kwaddibuwa a 2015, da Gana a 2016, da Ruwanda daga baya, duk sun kafa dokokin hana irin waɗannan mayuka.

Na biyu shi ne sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametason, waɗanda aka yi domin cututtukan kumburin fata na ɗan gajeren lokaci, amma ake sayen su a kemis ba takarda a matse cikin man shafawa. Su ne ke kawo hasken nan na gaggawa, kuma su ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da ƙyasbi su yawaita, rauni ya ƙi warkewa, har ɗinkin tiyata ya riƙa buɗewa. Da yake fata tana tsotse maganin ya shiga jini, mai shafa shi a jiki duka na tsawon shekaru yana iya kamuwa da hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska, kuma jikinsa yakan daina sarrafa nasa sinadarin sitiroyid. Shi ya sa wanda ya daɗe a kai bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai dai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Na uku ita ce zaiba, wadda ake kira makuri, guba mai lalata ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, tana kuma shafar sauran mutanen gida ta tawul da zanen gado. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da zaiba ta yi wa ɓarna a shekarun 1950, ta iyakance ta a kayan shafa, daga baya a 2023 ƙasashen da suka sa hannu suka amince a hana ta gaba ɗaya. Allurar gulutatayon da ake yi wa mata a shagunan gyaran jiki ita ma babu ingantacciyar shaidar amincinta, kuma hukumomin magunguna na Amurka da Filifin sun yi gargaɗi a kanta.

Abin takaici shi ne ƙarshen bilicin yakan zama kishiyar abin da aka nema: fuska kala biyu, gaɓoɓin yatsu da gwiwa baƙi ƙirin, da fatar da rana ke ƙonawa cikin sauƙi. Laifin bai tsaya kan masu shafawa kaɗai ba, domin muddin ana fifita fara a wajen neman aure da finafinai da talla, kasuwar ba za ta mutu ba. Malamai da dama sun bambanta tsakanin neman magani ga lahanin da ya sami fata, wanda halal ne, da sauya halittar da Allah ya yi wa mutum don ado, kuma a wannan gaɓa fahimtarsu ta zo daidai da ta likitoci, waɗanda burinsu shi ne mayar da fata launinta na asali.

Magani na gaskiya yana farawa ne da ganin likita, wanda zai tambayi tarihin tabon da duk abin da aka taɓa shafawa, ya duba fatar, wani lokaci da wata fitila mai nuna zurfin launi, ya kuma sa a yi gwajin jini ko a yanki ɗan ƙaramin nama idan da buƙata. Likitocin fata sun yi ƙaranci kuma sun taru a manyan birane, amma ana samun su a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Mataki na farko ga duk wani baƙin tabo shi ne kariya daga rana: man da lambar ƙarfinsa ta SPF ta kai 30 ko fiye, wanda ga mai melasma an fi son mai ɗan launi da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe saboda yana tare hasken da ido ke gani, tare da laima ko malafa. Daga nan sai mayukan da aka tabbatar da amfaninsu, kamar azelayik asid, wanda mai juna biyu ma za ta iya shafawa, da nayasinamaid, da bitamin C, da tiretinoyin, wanda ke hanzarta sabunta fata amma an hana mai ciki. Ga melasma mai taurin kai akwai wani haɗi na abubuwa uku, haidrokwinon da tiretinoyin da sitiroyid mai sauƙi, wanda likitan Amurka Albert Kligman ya fito da shi a 1975, ana shafa shi na ƙayyadadden lokaci a dakata. Akwai kuma ƙwayar tiranekzamik asid, wadda ba a ba wanda ke da haɗarin daskarewar jini. Duk waɗannan ba sa nuna sakamako sai bayan mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma duk man da ya haskaka fata cikin mako guda abin tuhuma ne.

Sai waɗannan sun gaza ake zuwa ga ayyuka masu tsada, wato sale saman fata da sinadari, ko harbin tabo da na'urar lesa. A fata mai duhu waɗannan ayyuka suna da haɗari na musamman, domin zafin da suke haifarwa kumburi ne, kumburi kuma shi ne ke jawo tabo tun farko, ga shi kuma melanin na fatar lafiya yana tsotse hasken na'urar kamar yadda tabon ke tsotsa. Na'urar da ta dace da Bature tana iya ƙona Bahaushe ta bar shi da abin da ya fi wanda ya zo da shi muni, shi ya sa ake zaɓar mai dogon zango na 1064 nanomita, a sa ƙarfi kaɗan, a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri.

Wa zai biya

Kusan ko'ina a duniya inshorar lafiya ba ta ɗaukar nauyin abin da ta kira gyaran ado. Hukumar lafiya ta Ingila ba ta yin irin waɗannan ayyuka kyauta sai da dalili na musamman, haka nan a Nijeriya tsarin inshorar ƙasa, wanda dokar NHIA ta 2022 ta sabunta ta kuma wajabta shiga cikinsa, ya ware tiyatar ado daga abin da yake biya. Amma ganin likita, da gwajin suga, da maganin ƙyasbi ko ƙurajen da suka yi tsanani, ba ado ba ne, kuma wanda ke cikin tsarin tarayya ko na jiha, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ya kamata ya fara bi ta asibitinsa na farko ya nemi takardar turawa zuwa ga likitan fata, ya kuma tambayi abin da tsarinsa ya ƙunsa. Inda ya kamata masu tsara manufofi su sake tunani shi ne kan albaras da zabiyanci da gyaran fatar da bilicin ya lalata, domin jefa su cikin kwandon ado kuskure ne mai cutar da talaka. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya ke fitowa kai tsaye daga aljihun majiyyaci, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024, ga faɗuwar darajar naira tun 2023 da ta tsawwala farashin duk abin da ake shigowa da shi, kowace naira da aka kashe a kan fata an cire ta ne daga abinci ko kuɗin makaranta.

A ƙasashen Yamma asibitocin gyaran jiki sukan haɗa kai da kamfanonin bashi su ba majiyyaci kati tun yana zaune a ɗakin jira, da alkawarin babu ruwa na wata shida ko shekara. Sharaɗin da ke ɓoye shi ne idan wa'adin ya cika da sauran ko da kaɗan ne ba a biya ba, sai a ɗora ruwan tun daga ranar farko. A 2013 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta umarci kamfanin CareCredit ya mayar wa abokan hulɗarsa kuɗi har dala miliyan 34.1, saboda da yawansu ba a fahimtar da su wannan sharaɗi ba, ruwan kuwa ya kai kusan kashi 27 cikin 100 a shekara. A Nijeriya kwatankwacin wannan tarko shi ne manhajojin bashi na waya, waɗanda ke lissafa ruwa a wata ko a mako, wasunsu kuma suka shahara da tozarta wanda ya makara ta hanyar aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayarsa, har hukumar kare masu saye, FCCPC, ta fito da ƙa'idojin yi musu rajista a 2022. Lissafin ba shi da wuya: idan misali aka ci bashin naira 200,000 a kan ruwan kashi 10 cikin 100 a wata, bayan wata shida ruwan kaɗai ya kai naira 120,000, kuma a cikin wannan lokaci melasmar da aka ci bashin dominta tana iya dawowa. Ga Musulmi akwai ƙarin haramcin riba, kuma ko da yake bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, sun samu gindin zama, bashi bashi ne, biyansa na nan.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan buƙata, wadda ba ta gaggawa ba ce, ita ce tari ko adashi, domin jinkirin watanni kaɗan ba ya cutar da mai tabo, yana ma ba mayukan da likita ya rubuta damar yin aikinsu, har sau da yawa a ga babu sauran buƙatar na'ura. Wanda ya yanke shawarar yin aikin ya kamata ya nemi jimillar kuɗin a rubuce, domin ba zama ɗaya ake yi ba, ana maimaitawa sau da dama da tazarar makonni, ga kuɗin magani da man kariya daga rana da za a ci gaba da saye. Ya tambayi wanda zai ɗauki nauyi idan fata ta ƙone. Ya nemi ganin hotunan masu irin launinsa da aka yi wa aikin. Ya guji biyan kuɗin zama shida ko goma a dunƙule saboda rangwame, tun bai ga yadda fatarsa za ta karɓi na farko ba. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa tsada ma ba shaidar inganci ba ce, domin haɗin da aka zuba a kyakkyawar kwalba aka sa masa farashi mai yawa yana iya zama sitiroyid ɗin kemis ne kawai a ciki.

Saboda haka kafin a miƙa fuska ga kowa a tabbatar likita ne mai rajista da Hukumar Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, ko takwararta a ƙasar da ake zaune, kafin a sayi mai kuma a duba lambar NAFDAC da jerin abubuwan da ke cikinsa, a ajiye duk wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba. Wanda ya riga ya daɗe yana shafa haɗi kada kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya tafi da kwalbar a hannunsa ya nuna wa likita, ya kuma nemi a auna masa jini da suga da ƙoda.